Kawu, Hajiya da gidan da ake ja a kan titi

Ƙanin mahaifiyata ya shafe fiye da shekara 30 a Houston, a jihar Texas ta Amurka, yana aikin haɗa magunguna. Da ritaya ta ƙarato a 2023 sai ya fito da wani buri da ya daɗe yana ɓoyewa: shi da Hajiya su riƙa fita kwanan daji, su ga ƙasar da suka tsufa a cikinta ba tare da sun san ta ba, su kuma riƙa zuwa wurin 'yarsu da jikoki a birnin Minneapolis na jihar Minnesota ba tare da sun takura wa surukinsu a gida mai ɗaki biyu ba. Ina zaune a gidansu a lokacin ina karatu, don haka da ni aka yi ta jeka-ka-dawo wurin dillalai, ni ne kuma mai riƙe littafin lissafi. Wata bakwai aka yi ana jan maganar.

Abu biyu ne a gabansu, kuma ya kamata in fayyace su, tunda ba kasafai ake ganinsu a titunanmu ba. Na farko mota ce da gida a jikinta: inji, sitiyari, gado, kicin da banɗaki duk a gangar jiki ɗaya. Akwai manyansu masu kama da bas ɗin safa, akwai matsakaita da ake ginawa a kan firam ɗin Ford E-450 da gado a saman kan direba, akwai ƙanana da aka yi da motoci irin Mercedes Sprinter. Na biyu gida ne da ba shi da inji, a-kori-kura ce ke jan sa. Amma ba a bamba ake ɗaura shi ba. Gabansa yana da doro da ke hawa kan bodin a-kori-kura, a ƙarƙashin doron akwai wani turken ƙarfe mai kaurin inci 2, shi ne ke shiga bakin wani faranti mai siffar kofaton doki da aka kafe a tsakiyar bodin, daidai saitin tayoyin baya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Mararrabar Jos ko Tafa ya ga yadda ake haɗa kan tirela da bodinta ya ga wannan dabarar, ita ce dai aka ƙanƙanta. Turawa na ce masa "fifth wheel", wato ƙafa ta biyar, sunan da ya samo asali tun zamanin keken doki, daga wani zoben ƙarfe da ke ba ƙafafun gaba damar juyawa. A gidan Kawu kuwa "motar gida" da "gidan tirela" muke cewa, haka zan ci gaba da kiransu.

Lokacin ya yi wa mai saye daɗi. A 2021, bayan kullen korona, masana'antun irin waɗannan gidaje, waɗanda galibinsu ke yankin Elkhart na jihar Indiana, sun fitar da kusan 600,000 a shekara ɗaya, adadin da ba a taɓa kaiwa ba. Zuwa 2023 ya faɗo zuwa wajen 313,000. Mutane da yawa da suka saya cikin ɗoki sun gaji, filayen dillalai sun cika da na hannu waɗanda ba su yi wani aiki ba.

Kawu tun ranar farko gidan tirela ya shiga ransa, kuma ba ƙarami ba. Wani mai tsawon ƙafa 40 ne, da ɗakuna huɗu masu zamowa waje kamar durowa idan an yada zango, da firji irin na gida, da kujeru biyu masu kwantawa a gaban talabijin. Ya zauna a ɗaya daga cikinsu ya miƙe ƙafa, ya ce, "Hajiya, ai wannan ya fi ɗakin da muka fara haya a Zariya." Mai sayarwa ya leƙa waje ya ga Ford F-150 ɗin Kawu, ya ce akwai gidajen da irinta ke ja, ya kuma karanto mana nauyin da kamfani ya ce tana iya ja. Adadin ba ƙarya ba ne. Matsalar ita ce ba shi ne adadin da ke da muhimmanci ba.

Jan kaya daban, ɗaukar kaya daban. Jaki zai ja amalanken da ya ninka shi nauyi, amma ɗora masa rabin wannan kaya a gadon baya ka gani. Gidan tirela ba jan sa kaɗai ake yi ba, wani kaso na nauyinsa, daga kashi 15 zuwa 25 cikin 100, yana zaune ne a kan bodin motar ta wurin turken nan. Kowace a-kori-kura kuma tana da wata takarda a manne a jikin ƙofar direba da ke faɗin iyakar nauyin da za ta ɗauka, har da mutane. Da muka koma gida na buɗe ƙofar na karanta: kilo 770 da 'yan kai. Gidan da Kawu ke so, idan an cika shi da kaya da ruwa, an yarje masa ya kai kilo 7,250. Kashi 20 na wannan kilo 1,450 ne. Ƙara farantin kansa, wanda ya kusa nauyin mutum guda, ƙara Kawu da Hajiya, ƙara akwatin kayan gyara da kular nama. Mun haura kilo 1,700 a kan motar da aka ce kar ta wuce 770. Injin zai iya tayar da shi, amma tayoyin baya da birki da sifirin su ne za su ji a jikinsu, kuma a gangaren dutse za su faɗa maka.

Kawu ya yi shiru, sannan ya ce to sai a canza mota. Gida mai wannan nauyi yana son a-kori-kura mai taya huɗu a baya, irin F-350 ko Ram 3500 mai faɗin ƙugu. Nan kuma dokar Texas ta shigo. Idan jimillar nauyin da aka yarje wa mota da abin da take ja ya kai laba 26,001, kimanin kilo 11,800, kuma abin da ake jan ya wuce laba 10,000, lasisin tuƙi na kowa-da-kowa bai isa ba, sai mutum ya je ya yi jarrabawar wani aji na sama, da ta rubutu da ta tuƙi. Motar kilo 6,350 da gidan kilo 7,250 sun ba da 13,600. Kawu zai iya zama ya ci jarrabawar. Hajiya ta ce ita da girmanta ba za ta je wani yaro ya riƙa ba ta maki a kan ribas ba. Wannan magana tata ta fi ƙarfin wasa, domin mutum biyu da suka haura 60 ba sa shiga hanyar mil dubu da direba ɗaya tal. In ciwo ya kama shi a tsakiyar Oklahoma, wa zai kawo su gari?

Ita Hajiya motar gida take so, kuma hujjojinta masu nauyi ne. Tana fama da gwiwa, gidan tirela kuwa ɗakin kwanansa a saman doron yake, sai an hau matakala uku ko huɗu, banɗakin ma galibi can sama yake. Motar gida daɓenta ɗaya ne daga gaba har baya. Na biyu, tafiya. Daga Houston zuwa Minneapolis kusan mil 1,200 ne, babbar hanyar I-10 kuma da ta ratsa Texas daga gabas zuwa yamma ita kaɗai mil 880 ce. A motar gida da zarar an faka a gefe ga banɗaki, ga ruwan zafi, ga gado, ba sai an taka ƙasa ba, ko ruwa ake yi ko dare ne a wurin da ba ka yarda da shi ba. A gidan tirela kuwa zaman a-kori-kura za a yi tun safe har yamma, domin jihohi da yawa sun hana mutum zama cikin gidan yayin da ake jan sa, kuma ko inda ba a hana ba babu bel ɗin ɗaura jiki a ciki. Na uku, janareto. Motocin gida manya da matsakaita da nasu suke zuwa, a jikin tankin mai yake sha, gidajen tirela da yawa kuwa sai ka saya daban. Ta ce, "Alhaji, kai falo kake kallo, ni hanya nake kallo."

A ganina ita ce ta fi kusa da tambayar gaskiya, ko da yake amsar da ta fito daga baya ba tata ba ce.

Ni na kawo shawarar a yi haya tukuna. Muka ɗauki matsakaiciyar motar gida mai ƙafa 30 na mako guda, muka nufi gandun Garner da ke bakin kogin Frio, yamma da San Antonio. Tafiyar ta yi daɗi yadda Hajiya ta faɗa. Ta yi tuƙi na awa biyu da kanta, ta ce ba ta fi motar ɗaukar ɗalibai wuya ba. A wurin hutawa ta dafa shayi, muka yi sallar azahar da la'asar a haɗe, aka ci gaba. Da muka isa, cikin minti 20 an daidaita mota, an jona wuta da ruwa, an shimfiɗa tabarma a waje.

Rana ta biyu albasa ta ƙare.

Abin dariya ne, amma a kansa maganar ta juya. Garin Uvalde, inda manyan kantuna suke, mil 30 ne daga nan. Don a sayo albasa da burodi sai da aka cire wayar wuta, aka kwance tiyon ruwa, aka naɗe rumfa, aka kwashe kofuna da tukwane daga kan kanta aka kulle su, sannan gidan gaba ɗaya ya tashi ya tafi kasuwa, da Hajiya a ciki, tunda ba inda za a bar ta sai kan kujerar roba a rana. A kwana shida sau huɗu aka yi wannan. Masu motar gida sun san matsalar, maganinta shi ne su ja ƙaramar mota a baya, shi ya sa za ka ga Jeep Wrangler na bin manyan motocin gida a hanya kamar ɗan maraƙi. Amma ba kowace mota ake ja da tayoyinta huɗu a ƙasa ba tare da an lalata giyarta ba, kuma idan ka ɗaura ta ba ka da ikon yin ribas ko na taku biyar, sai ka sauka ka kwance. Ma'ana, wanda ya guje wa jan tirela ya dawo yana jan wani abu, kuma yanzu inji biyu yake ciyarwa.

Da muka dawo na ce su faɗa mini tafiye-tafiyen da suke nufin yi a shekara, ba waɗanda suke mafarki ba. Suka lissafa: mako shida a kusa da Minneapolis da bazara, mako biyu a gandun dajin Big Bend na yammacin Texas da sanyi, mako biyu ko uku a wani wuri a yamma, sai 'yan kwana uku-uku a gandayen Texas. Na raba shafi biyu, kwanakin da taya ke juyawa da kwanakin da gida ke tsaye. Kwanakin tafiya ba su kai 20 ba. Kwanakin zama sun haura 80. Duk alherin motar gida a shafin farko yake, duk na gidan tirela a shafi na biyu. Da irin mutanen nan ne masu kwana ɗaya a nan, gobe su wuce, da ban yi gardama da Hajiya ba ko kaɗan. Amma su mazauna ne. A Minneapolis kullum za su shiga gari: kai jikoki makaranta, sallar Juma'a, sayen naman halal a shagunan Somaliyawa na unguwar Cedar-Riverside. Ba a yin wannan da motar ƙafa 30.

Big Bend ma haka. Hanyar da ke hawa zuwa kwarin Chisos, wurin da ya fi ko'ina kyau a gandun, tana da kwana masu tsanani, hukumar gandun tana gargaɗin kar a hau da motar gida da ta wuce ƙafa 24 ko tirela da ta wuce ƙafa 20. Mai gidan tirela zai ajiye gidansa a zangon Rio Grande Village da ke ƙasa ya hau da a-kori-kura tsurarta. A gandun Glacier na Montana abin ya fi tsanani: a tsakiyar hanyar da ke ratsa mashigar duwatsu ta Logan Pass an hana duk abin da ya wuce ƙafa 21, har a-kori-kura mai dogon bodi da kujeru biyu-biyu ta zarce wannan. Wato akwai wuraren da duka biyun sai dai su tsaya a ƙasa, amma mai tirela ne ya fi yawan samun hanyar hawa.

Sai batun kwanakin da suka rage, wata takwas da babu tafiya. Unguwar su Kawu tana da ƙungiyar masu gidaje da ta hana ajiye irin wannan abu a ƙofar gida, don haka ko wanne aka saya sai an biya kuɗin fili duk wata. Bambancin shi ne motar gida inji ce, inji kuma ba ya son zama: batir ya mutu, mai ya lalace a tanki, janareto ya toshe, tayoyi su tsage don tsufa alhali zanensu bai goge ba, inshorar mota kuma ana biya. A-kori-kura kuwa tana aiki duk shekara. Kuma idan inji ya lalace a hanya, mai motar gida gidansa ne ke shiga gareji, shi ya koma otal, ba kowane gareji ne ma ke da ƙofar da za ta shige ba. Mai tirela yana kwana a gadonsa, motar ce kawai ke wurin bakanike, kuma babu garin kirki a Amurka da ba a gyara Ford. Kuɗin mai ban ba shi muhimmanci ba a lissafin. Dukansu mashaya ne, bambancin galan kaɗan ne a tafiyar da ba ta kai kwana 20 ba.

Akwai abin da babu dillalin da ya taɓo, mu ma sai a Garner muka gane shi: ruwa. Waɗannan gidaje tanki uku gare su, na ruwa mai kyau, na ruwan wanke-wanke da wanka, da na masai. An auna su ne da rayuwar mutanen da ke amfani da takarda. Musulmi uku masu tsarki da buta da alwala sau biyar a rana suna cika tankunan da wuri, mun ga haka a rana ta uku. A zangon da kowane fili ke da bututun zubar da ruwa ba damuwa, amma a gandayen gwamnati da yawa wuri ɗaya ne ake zuwa a zubar. A nan motar gida ta ɗan fi sauƙi, tunda tashi kawai za ta yi ta je, mai tirela kuwa sai ya sake haɗawa, ko ya sayi ƙaramin tanki mai taya ya riƙa jido. Kawu ya ce shi alwalarsa a waje zai riƙa yi, kamar yadda ya taso yana yi a ƙofar gida. Daga nan muka fara duba girman tanki kafin mu duba launin kujera. Muka kuma fara shiga kowane gida da darduma biyu a hannu. Idan ba za su shimfiɗu a daɓen ba, ɗaya gaba ɗaya baya, kuma a karkace, domin alƙibla daga Texas arewa maso gabas take kuma ba ruwanta da yadda aka tsara filin fakin, sai mu fita. Gidajen tirela sun fi cin wannan jarrabawar, saboda babu sitiyari da kujerun gaba da ke cinye ƙafa shida ko bakwai na tsawonsu. Wani dillali ya tsaya yana kallonmu, da aka yi masa bayani ya ce shi ma wata tsohuwa ta taɓa zuwa da kejin karenta tana gwadawa.

A ƙarshen 2023 aka yanke. Gidan tirela, amma ba na Kawu ba. Na hannu ne ɗan shekara biyu, ƙafa 30, iyakar nauyinsa kilo 5,000, matakala biyu kacal zuwa ɗakin kwana da ƙarfen riƙewa a gefe, kuma ana iya kaiwa ga banɗaki da firji ko ɗakunan zamowa suna rufe, sharaɗin da Hajiya ta kafe a kai saboda tsayawar hanya. Aka ba da F-150 aka karɓi F-350 mai taya ɗaya-ɗaya a baya. Mai fetur aka ɗauka, ba dizal ba, domin injin dizal ya fi nauyi kuma nauyinsa daga cikin abin da motar ke iya ɗauka ake cire shi, ga tsada, gidan kilo 5,000 kuma bai buƙace shi ba. Jimillar ta tsaya wajen kilo 10,200, ƙasa da iyakar lasisi. Bodin gajere ne don ta shiga filin fakin na masallaci da asibiti, wanda ya tilasta sayen faranti mai zamewa baya, in ba haka ba a kwana mai tsanani goshin gidan zai fasa gilashin bayan motar. Kafin tafiyar farko muka cika shi da kaya muka hau sikelin manyan motoci a wani gidan mai, aka auna gaba da baya da tirela kowanne daban. Akwai sauran sarari mai yawa.

Ba a ci riba ta ko'ina ba. Hajiya ta rasa shayinta na kan hanya, har yau tana faɗi. A-kori-kurar idan babu kaya tana da tsalle, ta kuma fi tsohuwar sha. Tsayin gidan ya kusa ƙafa 13, Kawu ya rubuta adadin a takarda ya manna a gaban sitiyari saboda gadoji da rumfunan gidajen mai. Ribas ya ɗauke su Asabar huɗu a filin wata makaranta, da robobin ruwa a matsayin alama, ita a baya da waya a kunne, shi a gaba yana cewa, "Hajiya, hagunki ko haguna?" Daga baya ta karɓi sitiyarin, ta kuma fi shi iyawa, domin ba ta da gaggawa. A Yulin 2024, da guguwar Beryl ta bar mutane fiye da miliyan 2 a yankin Houston babu wuta, ga gida da na'urar sanyaya ɗaki a ajiye amma babu janareton da zai tayar da ita, ta kalle shi kawai ba ta ce komai ba. Satin da ya biyo baya ya sayo.

Kuskure ɗaya aka yi mai tsada, kuma tun a tafiyar farko, a Big Bend, ranar komowa. Ƙa'ida ita ce bayan turke ya shiga faranti a leƙa da tocila a tabbatar haƙoran sun rufe a kansa, sannan a ɗaga ƙafafun gaban gidan kaɗan kawai daga ƙasa, a riƙe birkin tirela, a ɗan ja motar a ji ko ta kama. Kawu ya ji ƙarar "ƙas" ya ɗauka ya shiga, alhali turken a saman haƙoran ya zauna. Ya ɗage ƙafafun gaba ɗaya, ya saka giya. Motar ta yi gaba, gidan ya tsaya, doronsa ya faɗo a kan bangon bodin ya lotsa shi hagu da dama. Ba wanda ya ji rauni. Maƙwabcin zango, wani dattijo daga Alberta ta Kanada, ya zo ya taimaka aka sauke ƙafafun aka ɗaga, sannan ya ja Kawu zuwa tasa motar ya nuna masa irin wannan lotsawar a nasa bodin.

Yanzu akwai jerin abubuwa tara da Hajiya ta rubuta da hannunta, an liƙa a cikin murfin akwatin gaba, ita ke karantawa shi yana amsawa. Lotsawar ba a gyara ta ba. Kawu ya ce kuɗin da aka nema ya kai na zangon mako uku a Minnesota, ya gwammace ya biya zangon.